DARAJAR ALAMOMIN LISSAFI A HARSHEN KWAMFUTA

Bayani domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da Malaman ofisoshinsu, saboda lissafin da a dā a ke yi da alƙalami cikin littafi, yanzu sau da yawa kwamfuta ce ke yinsa. Yaro mai ilmin zamani ya kan zauna ya rubuta wa na'ura umarni, ta fid da jimla, a buga a takarda, a kawo wa Hakimi ya sa hannu. To, ran da aka tarar da kuskure cikin jimlar nan, ba za a kira na'ura a tambaye ta ba. Wanda ya sa hannu shi za a kira, da Malamin da ya kawo masa takarda. Saboda haka ya kyautu kowane mai riƙe da amanar jama'a ya san ƙa'idar da na'ura ke bi wajen lissafi, ko da shi kansa ba ya taɓa ta. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya, wanda duk ya iya tarawa da ɗebewa zai gane ta a zama ɗaya.

HARSHEN UMARNI

Kwamfuta ba ta san nufin mutum ba, abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Ana rubuta mata umarni ne da wani irin harshe mai tsararrun kalmomi da alamomi, wanda ba ya karɓar zance mai harshen damo. Irin waɗannan harsuna suna da yawa. A 1957 kamfanin IBM na Amurka ya fid da FORTRAN, a ƙarƙashin jagorancin John Backus, domin masana kimiyya su riƙa rubuta lissafinsu kusan yadda suka saba a takarda. A 1964 malamai biyu na Kwalejin Dartmouth a Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka shirya BASIC domin ɗalibai masu fara koyo. A 1991 kuma wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fid da Python. Sunan nan da Turanci yana nufin mesa, amma shi daga sunan wani wasan ban dariya na talabijin na Ingila ya ɗauko shi. Python kyauta a ke samunsa, yana kuwa cikin harsunan da aka fi fara koya wa yara da su a makarantu. Don haka shi aka zaɓa a yi misali da shi a nan.

ALAMOMIN AIKI

Cikin kowane lissafi akwai abu iri biyu: lambobi, da alamomin da ke faɗin aikin da za a yi musu. In aka rubuta 7 + 2, bakwai da biyu su ne lambobi, alamar da ke tsakaninsu ita ce mai aiki. Alamomin nan sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Na tarawa da ɗebewa sun fara fitowa a bugaggen littafi a 1489, cikin littafin lissafin fatauci na wani Bajamushe, Johannes Widmann. Alamar daidai, watau layi biyu a kwance, wani likita mutumin Wales mai suna Robert Recorde ya shigo da ita a 1557. Alamar sau mai kama da gicciye ta fito cikin littafin William Oughtred na Ingila a 1631. Amma da ya ke injunan farko da a ke buga wa kwamfuta umarni da su ba su da gicciyen sau, sai aka sa tauraro a madadinsa, aka sa sanda mai karkata a madadin alamar rabawa. Haka abin ya zauna har yau.

Ga alamomin lissafi bakwai na Python, da misalin kowace:

Tarawa: 7 + 2 ya ba da 9.
Ɗebewa: 7 - 2 ya ba da 5.
Sau: 7 * 2 ya ba da 14.
Rabawa: 7 / 2 ya ba da 3.5, watau uku da rabi.
Rabawa ba gutsure: 7 // 2 ya ba da 3.
Ragowa: 7 % 2 ya ba da 1.
Ninkin kai: 7 ** 2 ya ba da 49, watau bakwai sau bakwai.

Ukun ƙarshe suna bukatar ƙarin bayani. Akwai abin da ba ya gutsuruwa, kamar saniya ko mutum ko buhun da ba a so a kwance. In an kawo buhun taki 100 za a raba wa ƙauye 7, sanda ɗaya za ta ba da 14.28 da 'yan kai, wanda ba shi da amfani ga mai rabo. Sanda biyu, 100 // 7, ita ce za ta ce kowane ƙauye ya sami 14. Sa'an nan 100 % 7 ta ce saura buhu 2 a sito. A lura fa, ko da ya ke alamar nan ita ce aka saba gani ta kashi cikin ɗari, a Python ragowar rabo ta ke nufi, ba ruwanta da kashi cikin ɗari. Tauraro biyu kuwa lamba ce a ninka ta da kanta. Fili mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe mita 30, girmansa 30 ** 2 ne, watau murabba'in mita 900.

NA'URA BA TA BIN ALAMOMI YADDA SUKA ZO

Muddin alama ɗaya ce cikin layi, babu gardama. Gardama tana tasowa ne in alamomi biyu ko fiye sun taru. A dubi wannan:

2 + 3 * 4

Wanda ya bi shi daga farko zai ce biyu da uku biyar, biyar sau huɗu ashirin. Ƙaramar na'urar lissafi irin ta 'yan kasuwa ma 20 za ta nuna, gama ita tana gama kowane aiki da zarar an danna alama ta gaba. Python kuwa 14 zai ce. Dalili, shi ya kan duba layin duka tukuna, ya ga akwai sau a ciki, ya fara da ita: uku sau huɗu sha biyu, sa'an nan ya ƙara biyu.

Hakimai ba baƙin wannan al'amari ba ne. Ran da aka taru gaisuwa a fada, ba wanda ya riga isowa ke fara shiga ba, kowa da matsayinsa, babba a gaba, na ƙasa da shi ya biyo baya, ko da kuwa shi ya yi sammako. Haka alamomin lissafi su ke. Kowace tana da darajarta, mai babbar daraja ita a ke fara yi wa aiki, ko a ina ta zauna cikin layi.

Kada a zaci masu kwamfuta ne suka ƙaga wannan don su wahal da mutane. Malaman lissafi sun daɗe a kai, kuma haka kowane ɗan kasuwa ke yi da ka, ko bai taɓa shiga aji ba. Misali mutum ya sayi buhun gero 3, kowane naira 40,000, da kwanon wake 5, kowane naira 1,000. Mai awo zai fid da kuɗin gero daban, kuɗin wake daban, sa'an nan ya gama. A harshen na'ura ga yadda a ke rubuta shi:

3 * 40000 + 5 * 1000

Amsa naira 125,000, daidai da ta mai awo. Da a ce na'ura bin layi ta ke yi yadda ya zo, da ta tara biyar a kan dubu ɗari da ashirin, ta ninka duka sau dubu, ta nemi mai saye ya biya fiye da naira miliyan 120. An ɗora sau bisa tarawa ne domin yawancin lissafin duniya haka ya ke tafiya: kaya sau farashi, sa'an nan jimla. A lura kuma, ba a sa waƙafi cikin lamba in ana rubuta wa Python, gama waƙafi wani aiki ya ke yi daban.

MATAKAN DARAJA

Ga matakan da mai koyo ke bukata, daga sama zuwa ƙasa:

1. Baka biyu, watau ( da ), da duk abin da ke cikinsu.
2. Ninkin kai, watau tauraro biyu.
3. Alamar ɗebewa da ke manne a gaban lamba don nuna ta gaza sifiri, kamar -5.
4. Sau, da rabawa, da rabawa ba gutsure, da ragowa. Duka huɗun darajarsu ɗaya.
5. Tarawa da ɗebewa. Su ma darajarsu ɗaya.
6. Alamomin gwada abu biyu.
7. Kalmar not.
8. Kalmar and.
9. Kalmar or.

Akwai waɗansu matakai a tsakani na ƙwararru, amma waɗannan tara sun ishi mai lissafin ofis. Bisa ga jerin nan, fili biyu irin na ɗazu, 2 * 30 ** 2, girmansu 1,800 ne. Na'ura ta fara da talatin sau talatin, sa'an nan ta ninka biyu. Wanda ya fara da biyu sau talatin zai sami 3,600, ya ba mutum filin da ba shi da shi.

IN DARAJA TA ZO ƊAYA

In alamomi biyu masu daraja ɗaya sun haɗu, sai a bi su yadda suka zo, daga hagu zuwa dama. Malaman da suka saba da rubutun ajami da Larabci su kiyaye da wannan, gama na'ura daga hagu ta ke farawa. A nan ne kuskure mafi muni ke ɓoyewa, domin jimlar da ya ke fitarwa ba ta yin nisa da gaskiya har ido ya tsargu.

Misali jama'ar wani gari sun tara naira 500,000 don gyaran rijiya. An sayi siminti na 80,000, an biya maginan 20,000. Yaron ofis yana so ya fid da abin da ya rage, a ransa ya gama kuɗin siminti da na magina, sai ya rubuta:

500000 - 80000 + 20000

Na'ura ta ɗebe dubu tamanin, saura 420,000, ta ƙara dubu ashirin, ta ce 440,000. Alhali kuɗin da ke cikin akwati 400,000 ne. Takarda ta nuna rarar naira 40,000 wadda ba ta taɓa wanzuwa ba. Ran da masu binciken kuɗi suka zo, ko dattawan gari suka ce a ƙirga, Malami zai rasa bakin magana, a ɗora masa zargin abin da bai ci ba. Na'ura ba ta yi laifi ba, abin da aka rubuta mata ta yi.

Ga wani kuma. An kawo buhu 600, za a raba wa ƙauye 20, kowane ƙauye yana da unguwa 3. In aka rubuta 600 / 20 * 3, na'ura za ta raba ɗari shida gida ashirin ta sami talatin, ta ninka uku, ta ce kowace unguwa buhu 90. Gaskiya kuwa buhu 10 ne, gama unguwa sittin ce. In Hakimi ya riga ya sanar da Masu Unguwa casa'in, to, ranar rabo sai Allah ya kyauta.

A makarantun Nijeriya ana koya wa yara kalmar BODMAS don su tuna wannan jeri. Kalmar tana da amfani, amma ta kan ruɗe su, domin ta ambaci tarawa kafin ɗebewa, sai yaro ya zaci tarawa ta fi. Ba ta fi ba. Lissafin 10 - 3 + 2 tara ne, ba biyar ba.

Alama ɗaya ce ta fita daban, watau tauraro biyu. In sun jeru, daga dama a ke farawa. Saboda haka 2 ** 3 ** 2 a Python 512 ne: uku sau uku tara, sa'an nan a jera biyu har guda tara a ninka su da juna.

BAKA BIYU

Maganin duk wannan baka biyu ne. A fada, in Sarki ya aiko a shigo da wane, to, shi zai fara shiga ko da shi ne ƙaramin kowa. Baka biyu su ne wannan kira. Abin da aka sa cikinsu, shi na'ura za ta fara gamawa, kome ƙanƙantar darajarsa. Lissafin rijiya sai ya koma haka:

500000 - (80000 + 20000)

Amsa 400,000. Na rabon buhu kuma ya koma 600 / (20 * 3), amsa 10. Haka nan in an kawo buhu 120 daga sito guda, 90 daga wani, 60 daga wani, za a raba wa Dagatai uku, a rubuta (120 + 90 + 60) / 3, kowa ya sami 90. In aka bar baka, sittin ɗin ƙarshe kaɗai na'ura za ta raba, ta fid da 230.

Ana iya sa baka cikin baka, na'ura ta fara da na can ciki ta fito waje. Sharaɗi ɗaya ne, kowane bakan da aka buɗe a rufe shi. In ba a rufe ba Python ba zai yi lissafin ba. Baka kuwa ba ya cin kuɗi, ba ya kuma ɓata lissafi in an sa shi inda na'ura dā ma za ta fara. Wanda ya rubuta (3 * 40000) + (5 * 1000) bai sāke amsa ba, amma ya sauƙaƙa wa mai dubawa. Gwanaye da kansu su kan yi haka, don sun san wani ne zai karanta bayansu.

ALAMOMIN GWAJI DA NA SHARAƊI

Aikin ofis ba jimla kaɗai ba ne, akwai tantance wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Don wannan akwai alamomin gwaji: > ya fi, < ya gaza, >= ya kai ko ya fi, <= bai wuce ba, == daidai ya ke da, != ba daidai ya ke da ba. Amsarsu ɗayan biyu ce, True watau gaskiya, ko False watau ba gaskiya ba. Darajarsu tana ƙasa da ta lissafi, don haka cikin 5 + 3 > 7 na'ura za ta tara tukuna, sa'an nan ta gwada takwas da bakwai, ta ce gaskiya. A kiyaye bambancin alamar daidai guda ɗaya da guda biyu. Guda ɗaya ajiya ce: buhu = 600 ma'anarsa a ajiye ɗari shida a ƙarƙashin sunan buhu. Guda biyu tambaya ce: buhu == 600 ma'anarsa shin buhun ɗari shida ne?

Sa'an nan akwai kalmomi uku na haɗa sharaɗi. Kalmar and tana nufin lalle duka biyu su tabbata. Kalmar or tana nufin ko ɗaya ya tabbata ya isa. Kalmar not tana juya amsa. A nan ma akwai daraja, and tana gaba da or, kamar yadda sau ke gaba da tarawa.

Misali an ce taimako na manomi ne ko makiyayi, amma sai mazaunin gunduma. Yaron ofis ya rubuta:

manomi or makiyayi and mazauni

A kunnen mutum wannan daidai ne. Na'ura kuwa za ta fara ɗaure makiyayi da mazauni, ta bar manomi shi kaɗai. Ma'ana ta koma: kowane manomi daga ko'ina, ko kuwa makiyayi mazaunin gunduma. Sai sunayen manoman waɗansu gundumomi su shige cikin jeri, rabon talakawan Hakimi ya ragu, ba kuwa wata jimla da za ta nuna an yi kuskure. Daidai shi ne:

(manomi or makiyayi) and mazauni

KOWANE GARI DA AL'ADARSA

Kada wanda ya iya jerin Python ya ɗauka ko'ina haka ne. Yawancin harsuna sun yarda sau tana gaba da tarawa, amma sun saɓa a waɗansu wurare. Ofisoshi da yawa suna lissafi da Excel na kamfanin Microsoft. A can alamar ninkin kai ^ ce, kamar yadda ta ke a yawancin ire-iren BASIC. A Excel lissafin -2^2 ya ba da 4, domin ya ɗora alamar gaza sifiri bisa ninkin kai. A Python -2 ** 2 ya ba da -4. A Excel 2^3^2 ya ba da 64, a Python kuwa an ga 512. Wanda ya ɗauko alamar ^ ya kai ta Python zai sha mamaki, gama a can wani aiki ta ke yi daban: 2 ^ 3 ya ba da 1, na'ura kuwa ba za ta yi gargaɗi ba. Akwai ma harshe mai suna APL, na Kenneth Iverson, wanda bai fifita sau bisa tarawa ba, daga dama ya ke bin layi zuwa hagu.

Har cikin Python kansa an sami sauyi. A tsohon Python na 2, lissafin 7 / 2 uku ya ke bayarwa, ya yar da rabin. Python na 3, wanda ya fito a 2008, shi ya mai da shi uku da rabi. An daina kula da na 2 tun farkon 2020, amma wanda ya gaji tsohon umarni a ofis ya bincika da wanne aka rubuta shi.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI DA MALAMAI

1. Kada a sa hannu a kan jimla sai an ga layin lissafin da ya haife ta. Hakimi yana da ikon ya ce a nuna masa, ko a karanta masa.

2. Duk layin da ya haɗa alamomi iri biyu, a nemi a sa masa baka, ko da mai rubutu ya ce ba lalle ba ne. A fi tsanantawa inda ɗebewa ta gamu da tarawa, inda rabawa ta gamu da sau, da inda or ta gamu da and.

3. Kafin a ba na'ura lambobin gaske, a gwada ta da ƙananan lambobi waɗanda Malami zai iya yi da ka. In buhu 12 aka raba wa ƙauye 2 masu unguwa 3, kowa ya san biyu-biyu ne. In na'ura ta ce 18, an kama kuskure tun bai kai ga jama'a ba.

4. Dogon lissafi a kakkarya shi, kowane yanki da sunansa. A fid da kuɗin da aka kashe a layi guda, a fid da saura a layi na biyu. Wannan ya fi sauƙin dubawa ga wanda zai gaji kujera.

5. A riƙa gwada abin da takarda ta ce da abin da ke cikin akwati ko sito. In sun saɓa, a duba baka tukuna kafin a zargi mutum.

Malamin da ke so ya tabbatar wa kansa, ya sa a buɗe masa Python, ya buga 2 + 3 * 4 ya ga amsa, sa'an nan ya buga (2 + 3) * 4 ya ga wata. Gani ya kori ji. Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban Malamansu da yaran da ke riƙe da na'urar ofis, a kuma kwafe jerin matakan nan tara a manna shi kusa da inda a ke aiki.